Adamawa: sabbin masarautu suna da hujja, sharaɗin "ɗan asali" ne ba shi da ita

Tun da takardar nan ta fito daga sashen kula da masarautu na jihar Adamawa a watan Yunin 2025, wadda ta ce dole masu zaɓen sarki da 'yan majalisar kowace masarauta su kasance 'yan asalinta, sunan mutum ɗaya kawai ake cika mana kunne da shi. An tuɓe Atiku Abubakar daga sarautar Wazirin Adamawa ko ba a tuɓe shi ba? Shi ɗan Jada ne, Jada kuwa ƙasar Ganye ce. Gwamnati ta ce ba da kowa take ba, magoya bayansa suka ce siyasar 2027 ce, aka yi ta cacar baki har kowa ya gaji. Abin da ke ba ni haushi shi ne Atiku ba ya cikin waɗanda wannan tunani zai cutar. Da rawani ko ba rawani, zai kwana lafiya. Wanda zai sha wuya shi ne talakan da aka haifa a Jimeta ko Mubi, wanda gwamnati ta sake tabbatar wa cewa inda kakansa ya fito ya fi inda shi ya rayu daraja.

Ba na cikin masu kukan cewa Gwamna Ahmadu Umaru Fintiri ya rusa gadon Shehu da ya ƙirƙiri masarautu bakwai a Disambar 2024, wato Huba, Madagali, Michika, Gombi, Yungur, Fufore da Maiha. Masu wannan kuka suna magana kamar Fombina, wato tsohuwar masarautar Adamawa, dunƙulalliyar ƙasa ce da Lamiɗo yake juyawa daga Yola yadda ya ga dama, alhali ba ta taɓa zama haka ba.

Fombina da Fulatanci tana nufin kudu, kuma ita ce iyakar daular Sakkwato mafi nisa. Modibbo Adama ya karɓi tuta a 1809, ya zauna a Gurin, ya koma Ribadu, bai kafa Yola ba sai a 1841, shekara shida kafin rasuwarsa. Abin da ya bari tarin ƙananan masarautu ne fiye da arba'in, kowace da lamiɗonta da rundunarta: Ngaundere, Tibati, Banyo, Rey, Garwa, Marwa, Konca da sauransu. Wasu suna aika gaisuwa Yola a kan kari, wasu sai an tuna musu, irin su Rey da Tibati kuwa sun sha juya baya ƙiri-ƙiri. A tsakaninsu akwai duwatsu da dazuzzukan da dokin Fulani bai taɓa mallaka ba. Mutanen Sukur suna da sarkinsu, Hidi, a kan dutse, Bachama suna da Hama nasu a yankin Numan, Huba suna da Tol nasu tun kafin jihadi. Turawa ne suka zo suka yanka ƙasar, Ingila ta ci Yola a 1901, Jamus ta kwashe mafi yawan sauran, sannan a ɓangaren Ingila aka ɗora hakiman En'e a kan al'ummomin da a da ba su san su ba, don haraji ya yi sauƙin tarawa. Ikon da ake kira "na gargajiya" a wurare da dama Razdan ne ya shimfiɗa shi.

Mutanen dutse kuma ba su manta ba. Hamman Yaji, Bafulatanin da ya mulki Madagali, ya bar littafin da aka rubuta masa ayyukansa na yau da kullum daga 1912 zuwa 1927, har da hare-haren kamun bayi da ya kai wa ƙauyukan duwatsun Mandara, da adadin waɗanda aka kamo. Wannan ba zamanin jahiliyya ba ne, kakannin mutanen da ke raye yau ne aka kama. Shi ya sa a ƙuri'ar raba gardama ta 1959, da aka tambayi Arewacin Kamaru na Ingila ko zai shiga Najeriya, mafi rinjaye suka ce a dakata tukuna. Sardauna ya fahimci saƙon: mulkin En'e daga Yola da Dikwa mutane suke ƙi. Aka cire yankin daga hannunsu, aka ba Mubi da ƙasar Chamba nasu hukumomin, sai ga shi a Fabrairun 1961 kusan kashi 60 cikin 100 sun zaɓi Najeriya, aka haifi Lardin Sardauna. Wato ba don an sassauta riƙon Yola ba, da wataƙila yau Mubi da Ganye suna Kamaru. Wanda ya san wannan ba zai ga aibun ɗan Michika ya samu sarkin da yake jin yarensa ba.

To amma daga nan ne aka kauce hanya. Ba wa al'umma sarkinta abu ɗaya ne, kafa shingen asali a ƙofar fada wani abu ne daban, kuma a ƙasa irin Adamawa shi ne abu mafi hatsari da gwamnati za ta sa wa hannu.

Wane ne ɗan asali a Yola? Modibbo Adama a ƙasar Bata ya kafa garin. Su Bata ɗin ma tarihinsu na baka cewa yake daga arewa suka gangaro. Chamba sun yi ta ƙaura daga duwatsun Alantika, wasu suka tsaya a Ganye, wasu suka kai Donga da Takum, wasu har Bali ta Kamaru. Fulani sun biyo shanunsu daga Barno. Barebari sun zo da karatu da fatauci. Hausawa sun zo da tufa da goro da cinikin hauren giwa, suka kafa unguwanni a Yola, Garwa, Ngaundere da Banyo, har ana naɗa musu Sarkin Hausawa. Dubi sarautun fadar kanta: Waziri, Galadima, Kaigama, Ajiya, Sarkin Yaƙi. Daga Barno da ƙasar Hausa aka aro su, kuma sau da yawa waɗanda suka riƙe su ba jinin gidan sarauta ba ne. A Ngaundere, Mbum da aka ci da yaƙi sun zama manyan fada da jagororin runduna. Ba ina wanke wannan tsari ba ne, yana da zaluncinsa, bauta ce ta ɗauki nauyin rabinsa. Amma ko shi ya gane cewa ƙasar iyaka ba ta mulkuwa sai an jawo baƙo cikin shawara. Gwamnatin dimokuraɗiyya ce yau take cewa a tsaya a duba asali tukuna.

Kuma dubi inda lissafin yake kaiwa. Gurin da Ribadu, garuruwan da Modibbo Adama ya yi mulki kafin Yola, duka suna ƙaramar hukumar Fufore, wadda yanzu masarauta ce mai zaman kanta. A bisa wannan ma'auni, mutumin Gurin baƙo ne a majalisar Lamiɗo. Iyakar da aka shata jiya ta mai da zuriyar waɗanda suka kafa masarautar 'yan cirani a cikinta. In ma'auni ya ba da irin wannan amsa, to shi ne ya karkace.

Masu kare takardar suna cewa kowane gida da mai shi, kuma majalisar sarki ba ofishin gwamnati ba ce. Ba su taɓa tsayawa layi a sakatariyar ƙaramar hukuma ba ke nan. Ku je ku ga yaron da ya gama sakandare yana neman takardar shaidar asali don shiga soja ko jami'a ko karɓar tallafin karatu. Yana riƙe da hotunansa biyu da takardar haihuwa a cikin leda. Akawu ba zai dube shi ba sai ya kawo wasiƙar mai unguwa ko jauro, da sa hannun hakimi. Hakimi zai tambaye shi sunan ubansa, da sunan kakansa, da garin kakan. In ya ce Kukawa ko Bichi ko Wukari, sai a ce ya tafi can ya karɓo, garin da bai taɓa takawa ba, inda su ma za su ce ba su san shi ba. An haife shi a Jimeta, ubansa yana biyan kuɗin rumfa a kasuwar Jimeta shekara da shekaru, kabarin kakansa yana maƙabartar Jimeta. Alƙalamin da ke hannun hakimin nan daga fada yake karɓar umarni, kuma an ƙara gundumomi 83 a jihar, wato an ƙara masu riƙe da irin wannan alƙalami. In aka koya wa fada cewa asali ne ma'aunin zama cikinta, me ake zaton hakimi zai yi da yaron nan?

Kuma ba a rasa sanin inda maganar "mu ne masu ƙasa, ku baƙi ne" take ƙarewa ba. An gani a Jos. An gani a yankin Numan a ƙarshen 2017, inda aka kashe Fulani da dama, yawancinsu mata da yara, sannan aka kai harin ramuwa kan ƙauyukan Bachama. Jihar da Boko Haram ta ƙwace wa Madagali da Michika da Mubi a 2014, wadda mutanenta suka tarwatse suka sake zama a inda suka samu mafaka, ita ce ta fi kowa buƙatar a daina tambayar mutum daga ina ya fito. Gwamnan da kansa ɗan Gulak ne, ya san yadda danginsa suka watsu a Yola a lokacin. Ganganci ne babba a ce shi ne zai bar wa jihar wannan gado.

Akwai kuma wani abin da masu murna ba sa son ji. Abin da gwamna ya ba ka da alƙalami, wani gwamnan zai iya ƙwacewa da alƙalami. Kano ta ƙara masarautu huɗu a 2019, aka rushe su a 2024, magana ta kai kotu. Masarautar Huba ko ta Yungur za ta ɗore ne in Bafulatani da Bahaushe da ɗan kowace ƙabila da ke zaune cikinta suna ganin tasu ce, suna da murya a majalisarta, za su kuma tashi su kare ta ranar da wani ya zo rusawa. In aka gina ta a matsayin gidan ƙabila ɗaya, rabin mazaunanta za su zauna jiran gwamnan da zai share musu hawaye.

Gyaran ba shi da wuya in ana so. A bar wa kowace al'umma gidan sarautarta, wannan haƙƙinta ne. Amma kujerun majalisa da takardar shaidar gari a ɗora su kan zama da haihuwa da hidima, a rubuta hakan cikin doka. Sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya riga ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda inda ya fito. Majalisar dokokin Adamawa, wadda ta zartar da dokar masarautun cikin 'yan kwanaki, ta nuna tana iya sauri in ta ga dama, don haka ba ta da uzurin jan ƙafa a kan wannan.