Ku Rage Saurin Rantsuwa Kan Abin da Kuka Tuna

'Yan'uwana matasa, ina roƙonku da ku rage saurin cewa "wallahi haka aka yi" a kan abin da ya shekara da wucewa. Kwanakin baya na zauna sulhu a Unguwar Rogo tsakanin wa da ƙani, a kan kuɗin da babban ya ba ƙaramin ya buɗe shagon gyaran waya shekara 6 da suka wuce. Yayan ya ce rance ne, ƙanin ya ce kyauta ce, kuma kowannensu a shirye yake ya dafa Alƙur'ani. Na san su tun suna yara, kuma ban yarda akwai wanda ya shirya ƙarya a cikinsu ba.

Duk lokacin da mutum ya tuno wani abu, sake haɗa shi yake yi, daga abin da ya gani, da abin da ya ji daga baya, da halin da zuciyarsa take ciki a yau. A Janairun 1986, washegarin tarwatsewar kumbon Challenger a Amurka, masanin halayyar ɗan Adam Ulric Neisser ya sa ɗaliban Jami'ar Emory sun rubuta inda suke da yadda labarin ya riske su. Bayan kusan shekara 3 aka sake tambayar 44 daga cikinsu, sai 11 suka kawo bayanin da ya saɓa wa na farko gaba ɗaya, alhali da yawansu suna da cikakken yaƙini cewa daidai suka faɗa. Ko da aka nuna musu rubutun hannunsu, tsohon tunanin bai dawo ba. Wanda ke shakka ya tambayi dattawan gida ɗaya yadda suka ji labarin gobarar kasuwar Terminus ta Jos a 2002, ya ji yadda zancen zai rarrabu.

Malaman hadisi sun daɗe da sanin wannan, shi ya sa gaskiyar mai ruwaya kaɗai ba ta isar musu sai sun auna ƙarfin haddarsa, har suka ware waɗanda ƙwaƙwalwarsu ta rikice a ƙarshen rayuwa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani kuwa, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi, ƙarami ko babba, a kuma kafa shaidu.

Kunya ce ke hana mu rubutawa tsakanin jini ɗaya, ina sane. To, ko saƙon WhatsApp ne ku aika a ranar, da adadin kuɗin da wa'adin biya, ɗan'uwanku ya amsa. Waɗancan biyun, mahaifiyarsu ce ta biya rabin kuɗin da ta kwashi adashinta, kuma har yau gaisuwarsu sama-sama ce.