Ɗora takardu a intanet ba shi ne koyarwa ba

Mutane da dama a Abuja, har da wasu malaman jami'a, suna ɗauka cewa da zarar an ɗora takardun darasi a intanet, ko an tura su zauren WhatsApp, to an samar da karatun zamani. Wannan fahimta ta yaɗu tun shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka rufe makarantu, amma ba daidai ba ce.

An gina manhajar koyarwa ta intanet irin Moodle ne domin ɗalibi ya yi tambaya, ya miƙa aikinsa, malami ya duba ya mayar masa da gyara, kuma a wannan mu'amalar ce koyo yake samuwa. Wajibi ne mai tsara darasi ya tuna cewa ɗalibai da yawa da waya suke shiga, ga tsadar data, ga ɗaukewar wuta. Ɗalibar da ke Nyanya ko Gwagwalada za ta sha wahala wajen kallon bidiyon awa biyu kai tsaye, saboda haka gajerun darussan da za ta sauke ta kalla daga baya sun fi mata amfani.

Hatta jami'ar NOUN, wato jami'ar karatu daga gida ta ƙasa, wadda hedikwatarta ke Jabi a Abuja, tana da cibiyoyin karatu a jihohi, inda ɗalibai ke zuwa da ƙafarsu su rubuta jarrabawa.