Darasin asibitin Fann ga mu mutanen Tawa

Shekara bakwai ke nan ina zaune a Dakar, amma sai bara na taka asibitin Fann, ranar da na raka wani ɗan garinmu na Tawa a Nijar, mai sayar da takalma, wanda barci ya ƙaurace wa har ya soma magana shi kaɗai. Da aka yanke shawarar kwantar da shi, sai aka tambaye mu wanda zai zauna da shi dare da rana.

Wannan tsari ya samo asali ne daga Henri Collomb, likitan ƙwaƙwalwa Bafaranshe da ya karɓi sashen masu taɓin hankali na asibitin a 1959 ya riƙe shi kusan shekara 20. Ya shigar da dangi cikin jinya, ya kafa taron da ake kira pénc, wato dandali da harshen Wolof, inda marasa lafiya da masu jinya da likitoci ke zama wuri guda kowa ya faɗi damuwarsa. Kafin shi ma, a 1954, Thomas Adeoye Lambo, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Najeriya, ya soma saukar da marasa lafiya tare da ƴan'uwansu a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro, kusa da Abeokuta, yana kuma aiki da masu maganin gargajiya. Daga baya ya zama mataimakin babban daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya, amma a ganina aikin Aro ya fi wancan muƙami nauyi.

Mu a Adar, wato yankin Tawa, idan mutum ya samu taɓin hankali, kafin a tuna da likita an ce iska ce ko sammu. Sai a bi rubutu da tofi da ruƙiyya, wasu su leƙa wajen ƴan bori a ɓoye, in kuma ya fara duka a sa masa mari. Yamai tana nesa da fiye da kilomita 500, ga kuɗin mota, ga tsoron kada a ce akwai hauka a gidan, ƴanmatan gidan su rasa mijin aure. Tramol kuwa ya ƙara wa ciwon yawa tsakanin matasa.

Abin da ke ba ni takaici shi ne, al'adar jinyar da Collomb ya yi wahalar kafawa muna da ita tun kakanni, domin babu asibitin da za ka shiga a ƙasarmu ba ka ga uwa da tabarmarta da kwanon fura ba. Abin da muke bukata shi ne likitocin da za su bar ofis su zauna gaban malamai da limamai, su yi bayani a rediyo da Hausa da Buzanci, su horar da ma'aikatan jinya na karkara, su kuma matsa wa hukuma lamba kada magani ya yanke. Zama da malami ba yarda da mari da bulala ba ne. Ai sai da zaman ake iya kwance marin.

Ɗan garin namu ya koma kan teburinsa a kasuwa. Mahaifiyarsa ta kira daga Tawa tana tambaya ko zai iya shan rubutun da ta aiko, likitan ya ce ya sha, muddin bai bar ƙwayoyinsa ba.