Ba hazo ne kaɗai ke shaƙe mu a Kaduna ba

Da hunturu ya kama sai gari ya ɗauki tari, kowa kuma ya ɗora wa hazo laifi. To, hazo dai daga Allah ne, ƙurar nan tun daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa, babu gwamnan da zai tare ta. Amma jama'a, abin da muke shaƙa bayan magariba a Tudun Wada ko Rigasa ba ƙura ba ce zalla. Ƙaurin leda ne da tsumma da famfas ɗin yara da aka cinna wa wuta a bakin kwata.

A lokacin sanyi ma abin ya fi muni, domin da daddare iska mai sanyi tana kwanciya ƙasa, hayaƙi ya rasa hanyar tashi. Shi ya sa in ka fito sallar asuba za ka tarar da hayaƙin bolar jiya yana nan shimfiɗe a layi, shi kuma yara za su ratsa su tafi makaranta. Ɓurɓushin da ke cikinsa ido ba ya gani, yana wuce hanci ya sauka huhu, har jini yana shiga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gurɓatacciyar iska na kashe kusan mutum miliyan 7 a shekara.

Da can matatar man da aka buɗe a 1980 da masaƙun Kakuri muke nuna wa yatsa. Masaƙu sun durƙushe, matata ta daɗe tana barci, ga shi har yau muna tari.

Ban ce mai ƙona shara mugu ba ne. In mota ba ta shiga lungunku, bola ta kai bakin ƙofa, me za ka yi? Saboda haka kafin KEPA, wato hukumar kare muhalli ta jiha, da ƙananan hukumomi su yi zancen tara, a fara da sa ranar kwashe shara da kowace unguwa ta sani. Mu kuma mai unguwa ya tara magidanta a riƙa haɗa ɗan abin da za a ba masu kura su kai ta inda ya dace. Liman ya faɗa a masallaci, fasto ya faɗa a coci.

Batun girki kuwa, tun da rayuwa ta yi tsada bayan cire tallafin mai a 2023, gidaje da yawa sun ajiye tukunyar gas sun koma gawayi da itace. Ba na ganin laifin matanmu ko kaɗan. Roƙona dai, a yi girkin a tsakar gida, a sauke goyo kafin a durƙusa hura wuta. Kaskon jin ɗumi kada ya kwana a ɗakin da aka rufe, janareta kuma kada a tayar da shi a zaure don tsoron ɓarayi. Iskar da ke kisa a cikin hayaƙinsu ba ta da wari, mutum yana barci take ɗauke shi.