Kada a ɗora wa matuƙin jirgi kwasar shara

Duk lokacin da kamfanonin jiragen sama suka shiga matsi, man jirgi ya yi tsada, dala ta tashi, akwai wata shawara da takan sake ɗago kai, wato a sa matuƙa su riƙa fitowa daga wurin tuƙi bayan fasinjoji sun sauka, su sa hannu a kwashe shara, a gyara kujeru, domin jirgi ya yi saurin juyawa, wato ya ɗebi wasu fasinjoji ya sake tashi, kuma a rage kuɗin da ake biyan masu share-share. Mutanen Katsina da Daura da ke hawa jirgi daga filin jirgin sama na Umaru Musa 'Yar'adua zuwa Abuja, da maniyyatan da ke tashi daga nan zuwa ƙasa mai tsarki kowace shekara, suna da ta cewa a wannan magana, domin rayukansu na hannun mutanen da ake so a miƙa wa ledar shara. Ra'ayina shi ne kada kamfani ya wajabta wa matuƙi wannan aiki, kuma dalilina ba shi da alaƙa da girma ko muƙami.

Hujjar girma ita ce aka fi saurin kawowa, kuma ita ce mafi rauni. Wasu sukan ce ai kyaftin babban mutum ne, ya kashe shekaru da maƙudan kuɗi kafin ya sami lasisi, a kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya ko a ƙasar waje, saboda haka wulaƙanci ne a gan shi yana tsintar gorar ruwa a ƙarƙashin kujera. Ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Tsafta rabin imani ce, kuma Nana A'isha ta ba da labarin cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan taya iyalinsa aikin gida. Matuƙin da ke jin cewa igiyoyi huɗun da ke kafaɗarsa sun hana shi sunkuyawa, to ina tsoron halinsa a cikin jirgin ma, domin harkar sufurin sama ta ɗanɗana kuɗar girman kai. Bayan hatsarin da ya auku a tsibirin Tenerife na ƙasar Sifaniya a 1977, inda manyan jirage biyu ƙirar Boeing 747 suka yi karo a kan titin jirgi mutum 583 suka rasu, an sake fasalin horon matuƙa domin ƙaramin matuƙi ya iya buɗe baki ya ce wa babbansa ka yi kuskure, shi kuma babban ya saurara.

Masu goyon bayan shawarar suna da misalin da ya cancanci a saurara. A 1972 kamfanin Southwest na Amurka, yana ɗan ƙaramin kamfani a jihar Texas, ya rasa kuɗi har ya sayar da ɗaya daga cikin jiragensa huɗu, sai ya yanke shawarar ci gaba da jigilar da ukun da suka rage ta hanyar juya kowane jirgi cikin minti 10. Kowa ya sa hannu, har da matuƙa, kamfanin kuma ya tsira ya zama ɗaya daga cikin manya a duniya. Ryanair na Turai ya gina kasuwancinsa a kan juya jirgi cikin minti 25, inda masu kula da fasinjoji ke gyara cikin jirgin da kansu. Lissafin a bayyane yake: jirgin da ke tsaye a ƙasa ba ya kawo ko kwabo, kuma mintocin da aka tsimi a kowane sawu sukan taru su zama ƙarin sawu guda a rana. Ban da wannan, akwai daɗin aiki a wurin da babba ba ya ƙyamar aikin ƙarami.

Sai dai duk wannan lissafi ya ginu ne a kan zaton cewa da zarar an kashe inji matuƙi ya zama marar aikin yi, kuma wannan zato ba gaskiya ba ne. Wanda ya zauna kusa da taga a ɗakin jira ya lura da jirgin da ya sauka zai ga ɗaya daga cikin matuƙan biyu ya sauko da riga mai ƙyalli a kan kakinsa, ya fara zagaya jirgin a ƙasa. Yana duba tayoyi ko akwai wadda ta tsage ko ta sule, yana duba birki, yana leƙa bakin inji ko tsuntsu ya faɗa ciki lokacin sauka, yana neman ɗigon mai a ƙarƙashin fiffike, yana tabbatar da cewa 'yan ƙananan bututu da ramukan da ke auna gudu da nisan jirgi daga ƙasa ba su toshe ba. A daidai wannan lokaci abokin aikinsa na ciki yana karanta littafin da ake rubuta duk wata matsalar da aka gani a jirgin, yana duba rahoton yanayi na inda za su da na filin da za su karkata idan sauka ta gagara, yana lissafin man da za a sha, yana shigar da hanyar tafiya a kwamfutar jirgi. Daga nan a kawo takardar nauyi, wadda ke nuna yawan fasinja da kaya da yadda aka rarraba su, kyaftin ya duba ya sa hannu, domin daga wannan adadi ne ake fitar da gudun da jirgi zai kai kafin ya ɗaga. Idan aka yi kuskuren lamba ɗaya a nan, titin jirgi na iya ƙarewa jirgin bai tashi ba.

A ƙasarmu wannan aiki ya fi nauyi a wasu watanni. A zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura 40 a Katsina, iska takan yi sakayau, inji ba ya ba da ƙarfinsa duka, jirgi kuma yana buƙatar titi mai tsawo kafin ya tashi. A lokacin hunturu hazo yakan rufe gari har a rasa ganin abin da ke gaba, matuƙi ya zauna yana auna ko ya tashi ko ya jira. Da damina kuwa hadari na iya haɗuwa cikin ɗan lokaci, kuma Arewa ba za ta manta da jirgin da ya faɗi jim kaɗan bayan tashinsa daga Abuja cikin iska mai ƙarfi a watan Oktoban 2006 ba, wanda a cikinsa aka rasa Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido. Ko a tashar mota, direban kirki da zai ɗauki hanyar Daura zuwa Kano yakan buɗe gaban mota ya duba ruwa da baƙin mai, ya ƙwanƙwasa taya, yayin da yaron mota ke share ciki, kuma babu fasinjan da ya san ciwon kansa da zai so a sauya musu wuri.

Abin da ake rasawa idan hankali ya rabu yawanci ƙaramin abu ne. A watan Oktoban 1996 jirgin Aeroperú ƙirar Boeing 757 ya tashi daga Lima, babban birnin ƙasar Peru, cikin dare, alhali an bar salatif a kan ramukan da ke auna iska bayan an goge jikin jirgin. Zagayen da aka yi kafin tashi bai gano shi ba. Na'urorin suka riƙa ba matuƙan bayanan da ke karo da juna, har jirgin ya faɗa teku da mutum 70. A watan Agustan 2005 jirgin Helios ya tashi daga tsibirin Saifurus da makunnin daidaita iskar cikin jirgi a inda injiniyoyi suka bar shi bayan gwaji, matuƙan ba su lura ba a duk binciken da suka yi, iskar shaƙa ta yi ƙaranci, mutum 121 suka rasu a ƙasar Girka. Ba kwasar shara ce ta jawo ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, amma dukansu suna nuna irin idon da ake buƙata a mintocin da jirgi ke ƙasa, kuma mutumin da aka katse masa lissafi aka ce ya je layi na 18 ya kwaso ɓawon gyaɗa ba zai dawo daidai inda ya tsaya ba.

Akwai kuma maganar gajiya. Matuƙin jiragen cikin gida yakan yi sawu da yawa a yini ɗaya, kowane sawu da tashinsa da saukarsa, waɗanda su ne wuraren da suka fi cin hankali. Shi ya sa dokokin sufurin sama na duniya, da na NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama a nan Najeriya, suka ƙayyade awannin da zai yi a bakin aiki da hutun da dole a ba shi. Bayan hatsarin jirgin kamfanin Colgan kusa da birnin Buffalo na Amurka a 2009, wanda ya ci mutum 50, maganar gajiyar matuƙa ta taso da ƙarfi har Amurka ta tsaurara dokokinta, sababbin suka fara aiki a 2014. Idan matuƙi ya gama shirinsa ya rage masa minti biyar, na fi son ya sha ruwa, ya ci wani abu, ya kewaya, ko ya yi sallarsa idan lokaci ya yi.

Wani abin da ke damuna a shawarar shi ne yadda take rena aikin shara kansa, tamkar abu ne da kowa zai yi da ragowar lokacinsa. Tsabtace jirgi sana'a ce mai ƙa'ida. Akwai magungunan da aka yarda a yi amfani da su domin kada su ci jikin jirgi, akwai yadda ake kwashe amai ko jini da safar hannu, akwai ban-ɗaki, akwai aljihun kujera da wani kan bar allura ko reza a ciki. Mun ga yadda cutar Ebola ta shigo Legas ta jirgin sama a watan Yulin 2014, mun kuma ga abin da korona ta koya wa duniya a 2020 game da wurin da mutane da yawa ke zama a rufe. Babban jirgin alhazai da ya kwaso ɗaruruwan mutane daga Jidda, da tsofaffi da marasa lafiya a ciki, bayan tafiyar awanni, ba wurin da mutum biyu za su bi da leda cikin gaggawa su ce an gama ba ne. Kamfanoni irin su NAHCO da SAHCO suna nan domin hidimar jirage a ƙasa, kuma duk gurbin mai shara da aka soke, abincin wani gida ne aka ɗauke a garin da matasa ke yawo da takardu suna neman abin yi. Idan ana son jirgi ya yi saurin juyawa, hanyar ita ce a ɗauki isassun masu shara, a horar da su, a biya su a kan kari, su kasance a gindin matakala kafin fasinja na ƙarshe ya sauko.

Mu fasinjoji ma muna da laifinmu. Kafin jirgi ya sauka masu kula da mu sukan bi layi da leda suna karɓar shara, amma sai ka ga mutum ya cusa kofi da ragowar biskit a aljihun kujera, ya zubar da tishu a ƙasa, wani ma ya manna cingam a hannun kujera. Rabin aikin da ake jayayya a kansa zai ragu idan kowa ya miƙa abin da ya ɓata.

Ban ce a hana kyaftin ɗin da ya kammala komai, ya ga abokan aikinsa na fama, ya fito don kansa ya ɗauki leda ba. Wannan halin kirki ne, kuma masu aiki tare da shi za su riƙe masa shi. Bambancin yana wurin wanda ya yanke hukunci. Idan shi ya ga yana da sarari, ya san abin da ya gama da abin da ya rage. Idan kuwa kamfani ne ya rubuta a takardar aiki, to za a tsara jadawalin tashi bisa zaton cewa hannayensa na cikin masu shara, a rage ma'aikata, kuma ranar da hazo ya sauko ko taya ta nuna alamar tsagewa, zai tsinci kansa tsakanin aiki biyu alhali manaja na kallon agogo. Saboda haka ya dace hukumar NCAA, wadda ke amincewa da kundin aikin kowane kamfanin jirgi kafin ya fara jigila, ta ƙi karɓar duk tsarin da ya lissafa matuƙa cikin masu tsabtace jirgi, ta kuma tambayi kowane kamfani mutum nawa ya tanada domin wannan aiki a ƙananan filaye irin na Katsina.