Injin da ba ya hutawa ba shi ne riba ba

Yana damuna yadda masu sana'a da yawa suka ɗauka cewa muddin kowane inji da kowane ma'aikaci na aiki ba tsayawa, riba ta samu. Suna da hujja, tunda kuɗi aka zuba a injin, albashi kuma ake biya.

Sai dai sassan aiki a sarƙe suke, kuma wanda ya fi jinkiri shi ke ƙayyade yawan kayan da za su fita. A gidan burodi, in injin kwaɓa ya fi tanderu sauri, kwaɓin zai taru yana jira, ya kumbura fiye da kima, ya yi tsami, fulawa da yis su salwanta. Gara injin ya dakata, a kashe kuɗin wajen ƙara tanderu.