A Cibiyar Adana Bayanai, a Fara da Waya Kafin a Zaɓi Suwic

Duk lokacin da za a gina cibiyar adana bayanai ko a sabunta kayanta, muhawarar da ta fi zafi a teburin taro ita ce ta suwic, wato akwatin nan mai kafofi da yawa da ke karɓar saƙo daga wata sabar ya miƙa wa wata. Wannan ya ce Cisco, wancan ya ce Arista, na gefe ya ce shi dai Juniper ya sani. Ana iya shafe makonni ana ja-in-ja. Sai kowa ya gaji sannan wani ya tuna akwai wayoyi da 'yan kawunan da ake cusawa a kafofin, a ce wa ɗan kwangila ya haɗo da su. A ganina an kifa abin ne. Waya da kawunanta su ya kamata a fara zama a kansu, domin su ne ke daɗewa, su ne ke yawan kawo matsala, kuma a nan ne kuɗi ke zurarewa ba a lura ba.

Dalilina na farko yana cikin akwatin kansa. Idan ka kwance murfin suwic da yawa masu suna daban-daban, sai ka tarar ƙwaƙwalwar da ke aikin iri ɗaya ce. Kamfanin Broadcom ke ƙera jerin Trident da Tomahawk, kamfanoni da dama kuma su saya su sa a akwatunansu. Akwai masu yin nasu, irin su Cisco da Nvidia, amma galibin bambancin da mai saye ke ji a jikinsa yana cikin manhaja da irin kulawar da kamfani ke bayarwa bayan ciniki. Ita ma manhajar ta fara kuɓucewa daga hannun mutum ɗaya tun da Facebook ya kafa Open Compute Project a 2011, Microsoft kuma ya fito da SONiC a 2016. Suwic dai kaya ne da za a kwance da sukundireba a musanya shi cikin dare guda. Wayar da aka shimfiɗa a kan tire a saman kabad-kabad, aka ɗaure, aka bi da ita ta cikin bango, cire ta yayin da cibiya ke aiki ba ƙaramin tashin hankali ba ne.

Gudun kuma ba ya tsayawa jiran kowa. Hukumar IEEE ta amince da ma'aunin gigabit 10 a 2002, na 40 da 100 a 2010, na 25 a 2016, na 200 da 400 a 2017, na 800 a 2024. Wanda ya shimfiɗa waya yau, suwic biyu ko uku za su zo su wuce a kanta. Tambayar da ta dace a yi tun farko ita ce: mita nawa ne tsakanin wannan kafa da waccan, kuma wayar da na sa za ta ɗauki gudun da ke tafe?

Nisa shi ne alƙali. A cikin kabad guda, inda suwic ke zaune a sama sabobi na ƙarƙashinsa, babu abin da ya kai wayar jan ƙarfe mai kawuna a manne, wadda ake kira DAC. Ba ta da laza, ba ta da gilashin da zai yi datti, wutar da take ci ba ta taka kara ta karya ba, kuma da wuya ta lalace. Iyakarta gajarta. A gigabit 25 ko 100 tana kai mita 3 zuwa 5, idan gudun kowane layi ya kai gigabit 100 sai ta dawo wajen mita 2. Tana kuma da kauri da tauri, idan an cika bayan kabad da ita tana tare hanyar iska. Duk da haka, masu cewa zamanin jan ƙarfe ya wuce su dubi kabad ɗin GB200 NVL72 da Nvidia ya nuna a 2024: na'urorin lissafi 72 ne a ciki, kuma dubban wayoyin jan ƙarfe ne suka haɗa su, saboda a wannan ɗan nisan haske ɓarnar wuta ne kawai. Ita kuwa wayar Cat6A mai kai irin na kwamfutar ofis, tana ɗaukar gigabit 10 har mita 100, tana da amfani wajen kafofin kula da na'urori, amma ba a gina gobe a kanta.

Da zarar an fita daga kabad, sai zaren gilashi, wato fayiba. A nan ne nake son mu ɗan zauna, domin a nan aka fi yin kuskuren da ake daɗewa ana biya.

Fayiba iri biyu ce. Akwai mai faɗin ciki, wadda hanyar haskenta ta kai maikuron 50, ita ce ake sayarwa da sunan OM3 da OM4. Akwai mai siririn ciki, wajen maikuron 9, ita ce OS2. Mai faɗin tana da farin jini saboda lazar da ke aiki da ita ta fi sauƙin ƙerawa, don haka kawunanta sun fi araha. Matsalarta ita ce haske yana bin hanyoyi da yawa a cikinta, wani ya riga wani isa, kuma duk sa'ad da gudu ya ƙaru sai saƙon ya fara cakuɗewa tun ba a yi nisa ba. Ga lissafin: OM3 tana kai gigabit 10 har mita 300, a gigabit 40 ta dawo mita 100, a gigabit 100 ta tsaya a mita 70. OM4 tana yin mita 400, sannan 150, sannan 100. Wayar ba ta motsa daga inda take ba, amma ɗakin ya yi mata girma. Ba nan kaɗai ba, yawan zaren ma ƙaruwa yake. Gigabit 10 zare 2 yake so, ma'aunin SR4 na gigabit 100 yana son 8, SR8 na gigabit 400 yana son 16.

Mai siririn ciki hanya ɗaya tak haske ke bi a cikinta. Zaren da ya ɗauki gigabit 10 jiya shi zai ɗauki 100 yau, ya ɗauki 400 gobe, kai kawai za a canza. Kawunanta kuma an yi su mataki-mataki: DR na mita 500, FR na kilomita 2, LR na kilomita 10. Saboda haka ra'ayina a fili yake. Duk wata waya da za ta ƙetare daga layin kabad zuwa wani layi, ko daga ɗaki zuwa ɗaki, a sa mai siririn ciki.

Na san abin da za a ce, kuma ba zancen banza ba ne. Mai ƙaramin ɗaki, wanda mafi tsawon wayarsa ba ta wuce mita 30 ko 40 ba, zai ce me zai sa ya biya kuɗin lazar da ke kai rabin kilomita? Yana da gaskiya. Idan ya tabbata ɗakin ba zai faɗaɗa ba, OM4 za ta yi masa shekaru lafiya lau. Abin da nake ƙi shi ne a zaɓi mai faɗin ciki don kawai ita aka saba, ba tare da an ɗauki tef an auna ba. Kuma awon a bi hanyar da wayar za ta bi, ta hau tire, ta zagaya, ta sauka, ba a miƙe daga kabad zuwa kabad ba. Nisan da ido ya ce mita 60 ne yakan zama 85 a kan tire.

Na taɓa kwana a wani ɗakin sabobi saboda layi guda da ke haɗa suwic na kabad da na tsakiya yana ɗaukewa yana dawowa. Fitilar kafar ta yi kore, can ta mutu, can ta dawo. Kafin in iso an riga an sake kunna suwic ɗin sau biyu, an fara shirin rubuta wa kamfanin da ya sayar da shi takardar ƙorafi. An bar jaki ana dukan taiki. Wani matashin ma'aikaci, hannunsa na rawa don sanyin ɗakin, ya zare kan wayar ya sa a ɗan madubin dubawa. A allon sai ga da'irar gilashin, ga wani ɗigo baƙi zaune a gefen tsakiyarta, kusa da shi kuma shatin maiƙon yatsa. Ya ɗauko alƙalamin gogewa, ya danna sau biyu, ƙas, ƙas, ya sake dubawa, ya mayar. Fitilar ta tsaya kore har gari ya waye. Hanyar hasken ba ta kai kaurin silin gashi ba, to ƙurar da ido ba ya gani ta isa ta tsaya mata a gaba. Ɗan hakin da ka raina ke nan. Tun daga ranar ban yarda a cusa kan fayiba ba sai an duba, ko da yanzu aka fasa ledarsa. Akwai ma ma'aunin duniya na wannan dubawa, IEC 61300-3-35, amma sau nawa ka ga madubin a jerin kayan da za a saya?

Ire-iren waɗannan ƙananan abubuwa suna da yawa. Kan MPO mai zare 12 yana da mai tsinke da marar tsinke, kuma jerin zarensa iri uku ne, A da B da C. Ka haɗa wanda bai dace ba, haske ya fita ta inda ba mai jiransa. A gigabit 25, idan suwic da katin sabar ba su daidaita kan hanyar gyara kuskure ba, wadda ake kira FEC, layin ba zai tashi ba ko da kowane ɓangare lafiyarsa ƙalau. Babu ko ɗaya a cikin waɗannan da sunan kamfanin da ke goshin akwati zai warware.

Sai maganar da ta fi ci mini rai, wato kulle kawuna. Waɗannan 'yan kawunan da ke mayar da wuta haske, SFP da QSFP28 da QSFP-DD da OSFP, girmansu da yadda suke magana da suwic duk an yi su ne bisa yarjejeniyar da masana'antu suka haɗu suka sa wa hannu, don na wannan ya shiga kafar wancan. A cikin kowane kai akwai 'yar ma'ajiya da ke ɗauke da sunan wanda ya yi shi da lambarsa. Wasu masu sayar da suwic sai su sa manhajarsu ta karanta wannan suna, idan ba nasu ba ne ta yi gargaɗi, ko ma ta ƙi kunna kafar. Alhali yawancinsu ba su ne ke ƙera kawunan ba, saye suke daga masana'antun da ke yi wa kowa, su buga tambarinsu, su sayar da tsada mai yawa. A suwic mai kafa 32 ko 64, kuɗin kawunan yana iya zarce na suwic ɗin kansa. Mai saye ya yi ta murna an yi masa ragi a akwati, bai san a kawuna za a fanshe ba.

Hujjarsu ita ce inganci: sun gwada nasu, sun san zai yi aiki, kuma ba za su ɗauki alhakin kayan da ba su sani ba. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Kawuna marasa kyau suna nan a kasuwa, masu zafi fiye da kima, masu ba da rahoton ƙarya game da ƙarfin haskensu, kuma araha ba ta ado. Amma maganin wannan gwaji ne da bayyana sakamako. Kamfani ya fitar da jerin kawunan da ya gwada, ya ce wanda ya sa wani daban ya san da saninsa. Toshe kafa gaba ɗaya a kan kayan da mutum ya saya da kuɗinsa ya wuce kare inganci. Shawarata ga mai saye ita ce ya sa wannan a rubuce cikin yarjejeniya tun kafin ya biya: suwic zai karɓi kawunan wasu, kuma garanti ba zai faɗi don haka ba. Ya ajiye 'yan kaɗan na kamfanin a durowa, don ranar da aka kira su da matsala a sa nasu a gwada, a toshe bakin gardama.

Akwai kuma lissafin da ya kamata kowa ya iya yi a bayan ambulan. Tsarin da manyan cibiyoyi ke bi yanzu, inda kowane suwic na kabad ke haɗe da kowane suwic na tsakiya, ya samo asali ne daga aikin da Charles Clos ya wallafa a 1953 kan layukan tarho. Kyawunsa shi ne ko ta ina saƙo ya tashi, tsallake iri ɗaya zai yi. Farashinsa kuwa yawan waya. Suwic mai kafa 48 na gigabit 25 yana karɓar gigabit 1,200 daga sabobi. Idan kafofinsa na sama 8 ne na gigabit 100, hanyar fita 800 ce, kashi ɗaya da rabi ke nan ke neman kashi ɗaya. Idan 6 ne, biyu ke neman ɗaya. Ga ayyukan yau da kullum wannan ba laifi. Ga horar da ƙirƙirarriyar basira, inda dubban na'urori ke magana a lokaci guda kuma kowa na jiran na ƙarshe, cunkoso kaɗan yana tsayar da aikin duka. Kowace kafa ta sama kuma kawuna biyu ne da waya ɗaya.

Wuta ma haka. Tomahawk 5, wanda Broadcom ya fitar a 2022, yana ɗaukar terabit 51.2 a daƙiƙa, wato kafa 64 na gigabit 800. Kan haske na wannan gudu yana cin kimanin wat 15. Ka ninka sau 64, ka doshi kilowat guda a goshin akwati ɗaya, ba a ma zo kan ƙwaƙwalwar da fankokin ba. Duk wannan zafi ne da sai an fitar da shi. Shi ya sa alƙiblar iska ta zama abin dubawa kafin a yi oda. Sabobi suna shaƙar sanyi ta gaba su fitar da zafi ta baya, kafofinsu kuma a baya suke, don haka suwic na saman kabad akan juya shi kafofinsa su kalli baya. Idan aka sayo wanda fankokinsa ke zuƙar iska ta wajen kafofi, to zafin da sabobi suka amayar shi zai riƙa shaƙa dare da rana, kawunan da ke bakin kafofin su fara gasuwa. Na'urorin ba da wuta guda biyu da ke bayansa ma, idan aka soka su a layin lantarki ɗaya, sunan biyu kawai suke da shi. A takardar oda, bambancin mai zuƙa ta gaba da mai zuƙa ta baya sau da yawa harafi ɗaya ne ko biyu a ƙarshen lambar kaya, wasu kamfanonin kuma sukan bambanta su da launin hannun fanka, ja ko shuɗi. Wanda zai sa hannu a takardar ya tashi ya shiga ɗakin, ya tsaya a bayan kabad ya ji ta ina iskar ke bugun fuskarsa, sannan ya karanta lambar har ƙarshenta.